Rigar farauta ta jika 300: Wa ya kamata ya saya, wa zai yi asarar kuɗinsa?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, 'yan gwanjo sukan baje rigunan sanyi a bakin titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. A cikin tarin kayan da aka kwance daga dila, ba a rasa wata irin riga mai zanen busassun ganyaye da rassan itace, wani lokacin da ɗan ƙyalle ruwan lemu a kafaɗa. 'Yan kabu-kabu na son ta saboda tana tare iskar asuba. Samarin fada kuma na son ta saboda sun gan ta a jikin mawaƙa a TikTok. Akan yi ciniki, a biya 'yan jikkuna, kowa ya kama gabansa.

Abin da yawancin masu sayen ba su sani ba shi ne, rigar maharban Amurka ce, kuma wasu irinta, idan sababbi ne a kanti, farashinsu na kaiwa dalar Amurka 500. Wannan kuɗi ya kusa jika 300 na sefa, wato kimanin albashin wata bakwai na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a farkon 2024. Idan aka haɗa da wando da rigunan ciki da safar hannu da hula, cikakken kayan kan haura dalar Amurka 1,500, ba a ma zo maganar takalmi ko bindiga ba.

A can Amurka maharba sun daɗe suna gardama a kan ko waɗannan tufafi sun ci kuɗinsu. Gardamar ta iso gare mu ta ƙofofi biyu. Akwai ɗan'uwanmu da ke zaune a New York ko Greensboro ko Paris, wanda ke neman abin da zai sa a lokacin ƙanƙara, ko kuma tsarabar da zai aiko wa wansa mafarauci a ƙauye. Akwai kuma matashin birni da ke ganin tallar kayan a wayarsa, yana lissafin yadda zai tara kuɗi ya yi oda. Kafin ɗayansu ya ciro kuɗi daga aljihu, ya kamata ya san abu guda: tsadar rigar nan ta kariya ce daga ruwan sama da sanyi mai kisa. Ba ta ƙara wa mutum iya harbi, ba ta kuma ɓoye shi daga dabba fiye da yadda mai araha za ta yi.

Daga ina tsadar ta samo asali?

Har zuwa shekarun 1970, maharbin Amurka ba ya da irin wannan riga mai zanen ganye da rassan itace. Ko dai ya sa rigar ulu mai gida-gida ja da baƙi, ko ya sayi tsohon kakin soja a kantin da ke sayar da rarar kayan sojoji. Wajen 1980 ne wani malamin makaranta a jihar Virginia, Jim Crumley, ya fara sayar da yadi mai zanen ɓawon itace da ya sa wa suna Trebark. A 1986 aka kafa kamfanoni biyu da har yau su ne suka fi suna a wannan fage: Realtree na Bill Jordan a jihar Georgia, da Mossy Oak na Toxey Haas a jihar Mississippi. Yawancin rigunan masu zanen ganye da muke gani a gwanjo zanen ɗayan waɗannan biyu ne. Babbar sana'arsu ita ce sayar da izinin amfani da zanen, shi ya sa za ka gan shi a riga mai tsada, ka kuma gan shi a ta babban kanti mai araha.

Tsadar gaske ta shigo ne daga 2005, lokacin da Jonathan Hart da Jason Hairston suka kafa kamfanin Sitka. Tunaninsu shi ne su ɗauko irin yadin da masu hawan tsaunuka ke amfani da shi, su ɗinka wa maharba. A 2009 kamfanin W. L. Gore, mai yin Gore-Tex, ya sayi Sitka. Shi kuma Hairston ya koma ya kafa KUIU, wanda ya fara sayar da kaya a 2011 kai tsaye ta intanet, ba tare da bi ta hannun 'yan kanti ba. A tsakanin nan, a 2007, First Lite ya fito a jihar Idaho da rigunan gashin tumakin merino.

Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar da hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna mutum miliyan 14.4 ne suka yi farauta, kuma sun kashe dalar Amurka biliyan 45.2 a kan tafiye-tafiye da kayan aiki da lasisi. Inda kuɗi irin wannan ke yawo, talla ma na yawo. Kamfanonin na ɗaukar nauyin fitattun maharba da ke da shirye-shirye a talabijin da YouTube. Kamfanin MeatEater na Steven Rinella, wanda aka san shirinsa a Netflix, shi ya mallaki First Lite. Saboda haka wani kaso na kuɗin da mai saye ke biya na talla ne da suna, kamar yadda yake a takalmin ƙwallo ko wayar salula.

Abin da kuɗin ke saya

Duk da haka, kuskure ne a ce komai suna ne. Akwai aiki na gaske a cikin yadin.

Na farko shi ne tantanin da ke hana ruwa shiga. A 1969 Bob Gore ya gano cewa idan aka fizgi wata irin roba da ƙarfi tana da zafi, takan miƙe ta zama siririn tantani mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A cewar kamfanin, kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ma'ana, ruwan sama ba ya samun hanyar shiga, tururin gumi kuwa yana samun hanyar fita. Rigar leda ta jika biyu ma tana tare ruwa, sai dai mai ita zai jiƙe sharkaf daga ciki da guminsa. Ana manna wannan tantani ne tsakanin yadi biyu, sannan a bi kowane ɗinki a liƙe shi da wani zirin roba don kada ruwa ya bi ramin allura. Wannan aiki na cin lokaci da kuɗi.

Na biyu shi ne tsarin sa tufafi hawa uku. Hawan farko, wanda ke manne da fata, aikinsa janye gumi daga jiki. Na biyu yana riƙe ɗumi. Na uku yana tare iska da ruwa. Idan mutum na hawan tsauni ya ji zafi, sai ya cire hawa ɗaya. Idan ya zauna fako, ya mayar. A hawan farko ne gashin tumakin merino ya yi suna: yana iya shan danshin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da mutum ya ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin wari ko an kwana da shi a jiki.

Me ya sa aka damu da gumi haka? Saboda ruwa na janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Auduga, wadda ita ce sarauniyar yadi a wurinmu, a ƙasar sanyi abokiyar gaba ce: tana shan gumi ta riƙe, ba ta saurin bushewa. Mutumin da ya jiƙe a cikin rigar auduga a kan tsauni, iska na kaɗawa, zafin jikinsa na iya sauka ƙasa da digiri 35. Daga nan sai makyarkyata, sai ruɗewar tunani, in ba a kai masa ɗauki ba sai mutuwa. Ba sai ana ƙanƙara ba ma, ruwan sama mai sanyi da iska sun isa.

Na uku shi ne nauyi. Wanda zai shiga tsaunukan Alaska ko Montana neman tumakin dutse yakan yi mako guda ko kwana goma da komai nasa a baya: abinci, tanti, bargo, makami. A dawowa kuma ga nama. A wurin irin wannan mutum, rigar da ke ba da ɗumi iri ɗaya da rabin nauyi ba abin ado ba ce.

Na huɗu shi ne shiru. Mai farauta da baka sai ya matso dabba kamar taku 20 zuwa 30 kafin ya saki kibiya. Yadin roba mai araha yakan yi ƙara idan hannu ya gogi jiki, musamman in sanyi ya sa ya ƙage. Masu tsadar sukan lulluɓe bayan rigar da yadi mai laushi don kashe wannan ƙara.

Abin da kuɗin ba ya saya

Abin da talla ta fi nunawa shi ne zanen, kuma a nan ne hujjar tsadar ta fi rauni.

Binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 kan idon barewar Amurka mai farar wutsiya, tare da masanan Jami'ar Georgia, ya nuna cewa nau'i biyu kawai take da su na ƙwayoyin ganin launi, alhali ɗan Adam na da uku. Tana ganin shuɗi sosai, amma ja da ruwan lemu ba sa yi mata ƙyalli kamar yadda suke yi mana. Ke nan wandon jins shuɗi ya fi saurin tona asirin maharbi a kan hula ruwan lemu.

Wannan ne ya sa dokar kare rayuka ba ta hana kowa samun nama ba. A yawancin jihohin Amurka, wajibi ne mai farautar barewa da bindiga ya sa tufa ruwan lemu mai ƙyalli, don kada wani maharbi ya ɗauke shi dabba. A Pennsylvania doka ta ce sai launin ya kai murabba'in inci 250 a kai da ƙirji da baya. A North Carolina, inda Greensboro take, dole a sa hula ko riga mai wannan launi da za a hango ta kowane ɓangare. A Faransa ma, dokar 2019 ta wajabta falmaran mai ƙyalli ga masu farautar manyan dabbobi a ƙungiyance. Sai ka ga mutum ya kashe dalar Amurka 500 a kan zanen da zai ɓoye shi, sannan ya ɗora falmaran mai arahar gaske a kai, wadda ake hangowa daga nesa. Kuma haka yake komawa gida da nama.

Fred Bear, wanda ya kafa kamfanin baka na Bear Archery kuma Amurkawa ke ɗauka uban farautar baka ta zamani, yawancin hotunansa da riga mai gida-gida da malafa aka ɗauke su. Ya rasu a 1988, shekaru 17 kafin a kafa Sitka.

Abin da ya fi korar dabba shi ne motsi da wari. Hancin barewa ya fi idonta aiki nesa ba kusa ba. Shi ya sa maharbin Amurka, da duk kayansa masu tsada, ke yawo da 'yar kwalbar hoda yana fesawa don ya ga inda iska ta nufa. Mafaraucinmu yakan ɗebi ƙasa ko toka ya saki daga hannu, ya samu amsa iri ɗaya kyauta. In iska ta kwashi warinka ta kai wa dabba, babu yadin da zai cece ka.

Tsuntsaye su ne suka bambanta. Agwagwar ruwa da talo-talon daji na ganin launi sosai, don haka mai neman su na bukatar tufa mai kama da wurin da ya laɓe. Amma ko a nan, zanen rigar araha da na mai tsada aiki ɗaya suke yi a idon tsuntsu.

Kakanninmu sun daɗe da gane haka. Maharbin ƙasar Hausa yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya matso barewa ko zabin daji. Bai ɓace wa dabbar ba, tana kallon sa sarai. Abin da ya yi shi ne ya koyi motsin abin da ba ta tsoro. Wannan ilimi ne da ake samu da shekaru a daji, ba a sayar da shi a kanti.

A yi lissafi

Hanya mafi sauƙi ta gane ko riga ta ci kuɗinta ita ce a raba farashin da yawan kwanakin da za a sa ta. Rigar jika 300 da ta yi shekara 10, ana sa ta kwana 30 a kowace shekara, ta tashi jika 1 a kowace rana. In kuwa kwana 3 ake fita da ita a shekara, kowace fita ta ci jika 10. Mai jagorantar maharba a tsauni, wanda daji ne ofishinsa, yana rukunin farko. Mafi yawan masu saye suna na biyu: mutum ya fito daga mota, ya yi tafiyar minti 15, ya hau dandamalin da aka kafa a kan itace, ya zauna awa huɗu, ya koma ɗaki mai ɗumi. Wannan ɗumi kawai yake bukata, kuma ɗumi na samuwa da kauri, ko da rigar ta yi nauyi.

Sannan shekara 10 ɗin ma ba tabbas ba ce. Maganin da ake shafa wa bayan rigar don ruwa ya riƙa gangarewa yakan goge da wanki da guga a jikin itace, sai an sabunta shi. Zirin da aka liƙe ɗinki da shi yakan ɓanɓare idan ya tsufa. Ƙari a kan haka, shekaru da dama ana yin wannan magani da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Jihohin California da New York sun fara taƙaita su a tufafi daga Janairun 2025, Faransa kuma ta kafa doka a Fabrairun 2025 da ta hana su a tufafin sawa daga farkon 2026.

Tsakanin mai tsadar gaske da ta banza akwai matsakaiciya, kuma a nan ne yawancin mutane ya kamata su tsaya. Wanda ke Faransa ko Beljiyam ya san kantunan Decathlon, waɗanda ke da sashen kayan farauta mai suna Solognac, inda farashi bai kama ƙafar na manyan kamfanonin Amurka ba. A Ingila kuma akwai Barbour, wanda aka kafa a 1894, da rigarsa ta auduga da aka shafe da kaki irin na kyandir. Tana da tsada, tana da nauyi, amma ana mayar da ita kamfani a sake shafa mata a yi mata faci, har ɗa ya gaji ta ubansa. Araha ba ta ado, haka ne. Amma daga wani mataki zuwa sama, kuɗin na ninkawa ne, amfanin kuwa ɗan kaɗan yake ƙaruwa.

A dajinmu fa?

Farautar ƙasar Hausa ta rani ce. Sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan ake buga ganga a fita da karnuka da gora da adaka neman zomo da zabo da fakara da gafiya. A wannan lokaci ba a ruwan sama ko ɗigo. Sanyin Disamba da Janairu na asuba ne, kafin hantsi ya ɗaga an fara neman inuwa. Zuwa Afrilu zafi na haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram. Tantanin Gore-Tex kuwa yana fitar da gumi ne da kyau idan waje ya fi cikin rigar sanyi. A ranar bazara, mai sanye da shi dafa kansa kawai yake yi. Mutum ya biya kuɗin kariya daga ruwan da ba zai sauka ba.

Abokan gabar mafaraucinmu daban ne. Akwai ƙarangiya da ke maƙale wa duk yadi mai laushi, kuma laushin nan shi ne abin da ake taƙama da shi a rigar mai tsada. Akwai ƙayar aduwa da ta farar ƙaya, waɗanda in suka huda tantanin sau ɗaya, an gama da maganar hana ruwa. Akwai wuta: tartsatsi ɗaya daga gawayin shayi ya isa ya narka rami a yadin roba, alhali auduga mai kauri sai dai ta ɗan babbake. Tela ko wane lungu zai yi wa rigar saƙi ko kaki faci, amma ba shi da abin da zai liƙe ɗinkin Gore-Tex.

Sai babban haɗari, wato maciji. Kububuwa na cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankin Afirka ta Yamma, kuma yawancin sara a ƙafa da ƙwauri yake faruwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Mafarauci da ke kutsa ciyawa da takalmin taya ko silifa, ƙafarsa a waje take. In akwai wurin da ya cancanci a kashe kuɗi a kayan farauta a ƙasarmu, to takalmi ne mai dogon wuya da ƙasa mai kauri, da wando mai ƙarfi da za a cusa a ciki. Sai hula mai faɗi, da gorar ruwa, da tocila mai kyau.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ya fi duk sauran nauyi. Zanen wasu sababbin kayan farauta, musamman masu dabbare-dabbare ruwan ƙasa da tsanwa, yana kama da kakin soja idan an hango daga nesa. A yankunan kan iyaka irin su Madarunfa da Gidan Rumji, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, kuma an san sukan sa kaki, baƙon da ya ɓullo daga daji da irin wannan riga da bindiga a kafaɗa yana wasa da ransa. A Najeriya doka ta haramta wa farar hula sa kakin soja, kuma rundunar sojan ƙasar ta sha yin gargaɗi a kai, don haka mai ƙetarawa Jibiya ko Katsina ya kiyaye. Ba a manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigoginsu na farauta an ɗauke su masu garkuwa da mutane. Ba tufafi ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna yadda kuskuren gane mafarauci ke ƙarewa a wannan zamani. Maharbin Amurka na sa ruwan lemu ne don a gane shi mutum ne. Namu ma ya fi bukatar a gane ko shi wane ne, fiye da ya ɓuya.

Kada kuma a manta da doka. Dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta tanadi izinin farauta da jerin dabbobin da aka haramta taɓawa, irin su raƙumin dawa da ke yankin Kure, wanda aka kai wasu gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. Tsadar riga ba za ta hana jami'in gandun daji tambayar takarda ba.

Ga ɗan'uwa da ke ƙetare

Wanda ke kai saƙo a kan keke a New York ko Montreal cikin Janairu, ko yake gadi a waje, ko yake aikin gini a Turai, shi ne a cikinmu ya fi kusa da yanayin da aka ƙera waɗannan tufafi dominsa. Yana gumi, yana tsayawa, iska na dukan sa, kuma kullum ne. Lissafin kwanaki na goyon bayansa. Sai dai ba ya bukatar zanen ganye. Darasin da zai ɗauka shi ne na hawa uku: kada auduga ta taɓa fatarsa a ranar sanyi, ya sa rigar ciki ta merino ko ta roba mai janye gumi, ya ɗora mai ɗumi, ya rufe da mai tare iska da ruwa. Irin wannan yadi na nan a sashen kayan ma'aikata da na masu hawan tsauni, sau da yawa a farashi mai sauƙi, kuma kantuna na karya farashi idan sanyi ya zo ƙarewa. A kan titi ma launi mai haske ya fi masa, don direba ya gan shi.

In kuwa tsaraba ce za a aiko gida, jika 300 na iya sayen takalma masu kyau ga mafarauta da yawa, ko su tsaya a matsayin kuɗin asibiti ranar da tsautsayi ya faɗa. Rigar da za ta yi wata goma a cikin akwati ba ta kai wannan ba.

In ka ci karo da ita a gwanjo

A farashin bosho kam, lissafin ya juya. Rigar da wani ya saya da tsada ya gaji da ita, idan ta zo hannunka da 'yan jikkuna, riba ce ga mai hawa babur da asuba ko mai tafiya cikin damina. Abin lura kawai shi ne a duba kafin a biya. A juya cikinta a ga ko zirin da ke kan ɗinki na nan a liƙe. In cikin yana ɓarewa kamar fatar maciji ko yana zubar da farin gari, tantanin ya mutu. A ja zif sama da ƙasa sau biyu ko uku. A ɗiga ruwa a kafaɗa: in ya dunƙule ya gangara, maganin na nan, in ya nutse yadin ya yi duhu, ya goge. A zaɓi mai zanen ganye da itace sarai, ko mai launi ɗaya, a guji mai kama da kaki. Tallar da ke yawo a Facebook da WhatsApp ta sabuwar riga mai babban suna a kashi ɗaya cikin goma na farashinta kuwa, kusan kullum jabu ce: an buga sunan, babu tantanin.

Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kawo shi ya sha rana, ya karanci iska, ya san inda zai tsaya. Mutumin da zai kwana goma a tsaunin Alaska cikin ruwa da ƙanƙara, rigar jika 300 na iya zama abin da zai mayar da shi gida da rai, kuma a wurinsa ta ci kuɗinta. Mafaraucin Dakoro ko Tasawa ko Magarya kuwa, ya fara da takalmi.